Jinin Mutanen Zongo

Kowannenku da irin labarin da ya riƙe game da shekarar da mahaifiyarku ta kwanta. Habiba tana Parakou gidan mijinta a lokacin, da ciki, abin da ta sani ta waya ta ji shi. Yusufa yana nan ya ga komai, amma shi tun yana yaro bakinsa nauyi gare shi. Nafisa kuwa tana lise, wato sakandare, kuma har yau in aka zo kan zancen sai ta tashi ta ce za ta duba tukunya. Na san abin da aka faɗa muku a unguwa, wai Baba ya miƙe a masallaci ya tona asirin Inna a gaban jama'a, ita kuma ta daina yi masa magana. An yi haka, ban musa ba. Amma a tsakiya aka yanke muku labarin, ni kuma gwiwa ta fara ƙin tashi, ido ya fara dishi-dishi. Gara ku ji sauran daga bakina.

Sai kun san wace ce mahaifiyarku Salamatu kafin ku gane abin da ya faru. A nan Zongo aka haife ta, kamar ni. Kakanta fataken goro ne da suka sauka Kwatano suka ƙi tashi. Atamfa take sayarwa a kasuwa, kuma ban taɓa ganin mace mai tsare mutuncinta irinta ba. Duk gidan da aka haihu ita ce ta farko da kwanon kunu, duk gidan da aka yi rashi ita ke zama da matar har a share makoki. Amma ita, ko gishiri ya ƙare mata tana cikin girki, gara ta sauke tukunya ta tafi kanti da ta leƙa maƙwabta. Ita ke kai wa mutane, ba a kawo mata. Ni kuma direban babbar mota ne, daga bakin ruwa zuwa Malanville, wani lokaci har Maraɗi. Rabin rayuwata a kan kwalta na yi ta, shi ya sa abin da ke faruwa a ɗakina sai da wata ta zo ta nuna mini.

Asabe ce, ƙawarta tun suna yara, wadda rumfarsu ke jingine da juna. Wata ranar da hantsi ina tasha ana ɗaure kaya sai ga ta, ita da ba ta taɓa tako wurin ba. Ko gaisawa ba mu gama ba ta ce,

"Alhaji, ka fasa tafiyar nan. Ka koma gida ka buɗe idonka."

"Lafiya, Hajiya Asabe?"

"Ka tambaye ta me ya sa ta daina ɗaga bandir da hannun dama. Ni na yi magana har na gaji."

Na koma. Da farko ta ce maruru ne, daga baya ta ce iska ce, sannan ta kwance zani ta nuna mini. Watanni ta yi tana ɓoye shi, tana shafa man zafi da wani gari da ta saya a wurin mai magani. Ban yi faɗa ba. Washegari muka tafi asibiti. Aka yi hoto, aka yanki ɗan nama aka kai awo, aka yi ta kai mu ana kawo mu. A ƙarshe likitar, wata mace mai sanyin murya, ta zaunar da mu ta yi bayani da Faransanci. Nawa Faransancin na hanya ne, na jandarma da 'yan kwastan, amma kalmar da ta faɗa ba ta bukatar tafinta. Ciwon daji ne a mama, kuma ya yi nisa. Ta ce sai an cire, sannan a shiga ƙarin ruwan magani mai ƙarfi da suke kira shimiyo.

Da muka fito, Salamatu ta tsaya a gindin wani mangwaro da ke harabar asibitin, ta gyara mayafinta kamar za ta biki, ta ce,

"Alhaji, ni da kai da Asabe. Ba na huɗu."

"Yara fa?"

"A ce musu ƙari ne, za a cire. Ba zan zama abin kallo a Zongo ba. Ba zan zauna mata suna kallon ƙirjina suna cewa Allah sarki ba. Ka yi mini alkawari."

Na yi mata. A ranar ko me ta ce in yi zan yi.

Aka yi aikin. Ba a barin namiji ya kwana a ɗakin mata, don haka Asabe ta rufe rumfarta, ta naɗo tabarma da buta, ta tare a gefen gadon. Mijinta ya rasu da daɗewa, 'ya'yanta sun girma, amma ba wanda ya ɗora mata wannan aiki, ita ta ɗora wa kanta. Ita ke yi mata wanka, ita ke zubar da fo, ita ke tsayawa kan ma'aikata in ruwan ya ƙare a leda ba a zo an canza ba. Har wata ma'aikaciya ta tambaye ni ko uwarsu ɗaya. Ni kuma na jingine mota. Idi, abokina tun muna yaran mota, shi ya karɓi tafiye-tafiyena ya haɗa da nasa. Bai tambaye ni komai ba. In ya dawo sai ya biyo ta gida ya ajiye buhun shinkafa ko albasa, ya miƙa wa Yusufa abin da tafiyar ta bayar, ya ce a gaida mai jiki. A unguwa muka ce aikin ƙari aka yi, likita ya hana ziyara. Mata suka yi ta aiko da gaisuwa, muna mayar musu da godiya daga bakin ƙofa.

Shimiyo ba magani ne da zan so wa maƙiyina ba. Duk ranar da aka saka mata sai ta yi ta amai har ba abin da ke fitowa sai ruwa mai ɗaci. Gashinta, wanda Habiba ta gado, ya riƙa biyo matsefi. Asabe ke tattarawa ta ƙulle a tsumma kada ta gani. Abin da ya fi damunta, abin mamaki, faratanta ne da suka yi baƙi. Ta riƙa ɓoye hannuwa a cikin zani. Ran nan na shigo na tarar Asabe ta kwaɓa lalle a murfin kwano tana ɗora mata a yatsu, ɗaya bayan ɗaya, tana yi mata tsiya wai amarya ta tsufa ba ta daina son kwalliya ba. Salamatu tana dariya, idonta na zubar da hawaye. Na koma waje don kada in ɓata musu.

Ana cikin haka jininta ya faɗi. Tafin hannunta ya yi fari fat, in ta tashi zaune sai ɗakin ya juya mata. Likitar ta kira ni gefe ta ce ba za a iya ci gaba da magani ba sai an ƙara mata jini, kuma ba sau ɗaya ba. Matsalar ita ce irin jininta ba kowa ke da shi ba, a ma'ajiyarsu kuma babu. Ta ce in kawo mutane, da yawa, a gwada su. Na miƙa hannuna aka ce hawan jini gare ni. Asabe ta miƙa aka ce ciwon suga. A ranar dole na gaya wa Yusufa gaskiya, ya bayar, amma nasa irin nawa ne, ba nata ba. Na zaga duk inda aka ce in zaga, har unguwar Akpakpa, ban samu ba. Na dawo na durƙusa a gaban gadon na ce,

"Hajiya, ki sake ni daga alkawarin nan. Mutanenmu suna nan. In na yi magana za su zo."

"A'a."

"Likita ta ce in ba a samu ba a makon nan…"

"Na ji abin da ta ce, ba kurma ba ce ni. In kwanana ya ƙare, gara in tafi da mutuncina."

"Habiba fa? Ta kusa sauka. Ba ki so ki ga abin da za ta haifa?"

Ta rufe ido ta ce in fita, kanta na ciwo.

Ranar Juma'a ce ta biyo. Na tarar da Idi a bakin masallaci yana alwala, na tsuguna kusa da shi na faɗa masa komai. Bai ɗago ba sai da ya wanke ƙafa. Sannan ya ce,

"Garba, kai ka ɗauka ba mu sani ba? Ƙari ne zai sa mutum kamarka ya ajiye mota wata da watanni? Duk tasha an san akwai abu. Jira muke ka buɗe baki, tunda ba a shiga gidan mutum ta katanga."

"Na yi mata alkawari, Idi."

"To ka zaɓa. Ko ta yi fushi da kai tana numfashi, ko ta yarda da kai tana ƙasa."

Bayan an sallame na matsa wurin liman na raɗa masa. Ya ce shi zai iya sanarwa, amma in daga bakina ta fito za ta fi shiga. Ni da ban taɓa magana a gaban taro ba, na miƙe, na karɓi lasifika. Na ce ni ne Garba direba, matata Salamatu tana kwance, tana bukatar jini. Ga wurin da nake so ku fahimta, Nafisa musamman. Zan iya tsayawa a nan ban faɗi sunan ciwon ba. Amma na san garinmu. Mace ta rame, an ɓoye ta wata da watanni, mijinta direban dogon zango, ana neman jini. Kafin la'asar da an raɗa mata wani ciwon daban, da an raɗa mini, da ku ma an shafa muku. Don haka na ce ciwon daji ne, an yi mata aiki, duk mai iko ya taimaka don Allah. Na zauna ban san yadda na zauna ba.

Abin da na gani a yammacin nan ban taɓa ganin irinsa ba. Mutane ba su koma gida cin abinci ba. Direbobi suka cika motar Idi, mahauta suka zo da rigunan aikinsu, 'yan canji suka rufe tebur, 'yan Najeriya masu albasa da masu tireda waɗanda ko sunana ba su sani ba suka bi sahu. Masu zem, wato 'yan acaɓa, suka yi ta jigila, kuma wani daga cikinsu, ba Bahaushe ba, ba ma Musulmi ba, da ya ji abin da ake yi sai ya kafe babur ɗinsa ya cire hula ya shiga layi. Layin ya fito daga ɗakin ɗibar jini ya zagaya har bakin ƙofa. Wani ƙaton mahauci da ke kayar da bijimi shi kaɗai, yana ganin allura ya sulale ƙasa, aka yi ta yi masa fifita ana dariya. Da ya farfaɗo ya ce a ɗiba yana kwance. Kaɗan ne jininsu ya dace da nata, amma kaɗan ɗin sun isa, sauran kuma asibiti ta ajiye wa wasu. Kafin magariba leda ta farko tana rataye a kanta.

Washegari mata suka iso da kuloli. Nan ta gane. Ta dube ni sau ɗaya, ta juya fuskarta bango. Daga ranar ta daina yi mini magana. In na yi sallama Asabe ke amsawa. In tana son abu sai ta ce, "Asabe, ki ce masa a kawo zanina mai ruwan ganye," ina tsaye a gabanta. Matan da suka zo kuma ta ce kada a bar su su shigo. Sai na koma zama a benci a waje, daga safe zuwa yamma, ina karɓar kuloli ina ba da haƙuri. Idi in yana gari sai ya zo ya zauna kusa da ni, ya ɓare goro ya miƙo mini rabi. A wannan lokacin ne, Nafisa, kika zo daga makaranta kika ji a bakin mata abin da ke damun mahaifiyarki, kika wuce ni a bencin ba ki gaishe ni ba. Ban riƙe ki ba. Amma ki sani, makonnin da ta yi ba ta yi mini magana daga cikin ɗan abin da ya rage mana aka cire su, kuma na san haka tun a lokacin. Shi ne abin da na biya. Da za a mayar da ni Juma'ar nan, zan sake miƙewa.

Matan Zongo ba su yi zuciya ba. An hana su shiga, amma ba su daina zuwa ba. Suka raba kwanaki a tsakaninsu, wannan ta dama kunun gyaɗa, waccan ta yi farfesun kifi marar yaji, wata ta kwashi wanki, wata ta tsaya a gidanmu ta ga Nafisa ta ci abinci. Sai wata rana Goggo Dije ta zo, tsohuwar nan mai ƙosai a bakin layinmu, wadda kuka sani da faɗa. Na tashi zan ba ta haƙuri ta ture ni da sandarta ta shige. Abin da ya faru a ciki Asabe ce ta faɗa mini. Wai ta ja labule, ta zauna a bakin gado, ba ta ce sannu ba, ba ta ce Allah sarki ba. Ta ɗaga rigarta kawai. Gefe ɗaya babu, sai tabo. Shekaru da yawa da suka wuce aka yi mata a Lome, ta ce wa mutane ta je jinyar 'yar'uwarta, ta dawo tana cusa tsumma a riga.

"Ni kaɗai na kwanta, Salamatu," in ji ta. "Ba wanda ya miƙo mini ruwa, don ban bar kowa ya sani ba. Har yau in na tuna ɗakin nan sai in ji sanyi. Ke ga mutane a ƙofa kina kora. Wa kike yi wa?"

Asabe ta ce sun daɗe suna kuka su uku. Da yamma aka ɗaga labule aka ce mata su shigo bibbiyu. Goggo Dije ta rasu bara, kuma ita da kanta ta ce in na tashi ba da labarin kada in cire ta.

Ni sai bayan kwana biyu aka waiwaye ni. Na shiga ajiye magani zan fita, sai na ji muryarta a bayana.

"Wa ya bar ka ka fito da riga ba guga?"

Na tsaya, na kasa juyowa.

"Zo ka zauna. Ban ce na huce ba. Amma zauna."

Aka ƙarasa maganin, aka sallame mu. Ta ɗan yi ƙiba, har ta fara zama a tsakar gida tana ba da umarni. Habiba ta zo haihuwa gida, ta sauka lafiya. Ranar suna mahaifiyarku ta ɗaura atamfar da ta fi so, ta zauna a kujera, aka ɗora mata jaririyar a gefen da ba ciwo. Kun ga hoton, amma hoton bai ɗauki abin da take raɗa wa yarinyar a kunne ba, ni ma ban ji ba. Gidan ya cika har titi. Duk wanda ya shigo sai ta tambaye ni a hankali, wannan ya bayar? In na ce e, sai ta ce a ƙara masa nama.

Bayan damina ciwon ya dawo, ta baya da ƙugu. Muka koma asibiti, Asabe ta sake naɗo tabarmarta ba tare da an kira ta ba. Wannan karon likitar ba ta yi dogon bayani ba. Ta ce ya shiga ƙashi, abin da ya rage shi ne a rage mata zafi. Salamatu ta ce a kai ta ɗakinta. Ba wanda ya fitar da ita daga asibiti da ƙarfi, ita ta zaɓa, da hankalinta. A gida ƙofarmu ba ta rufu ba. Mata na karatu a tsakar gida, maza a waje kan tabarma, Idi ya hana kowa biyan mai shayi. Wata safiya da aka bar mu mu biyu ta kama hannuna, nata ya zama kamar na yaro, ta ce,

"Alhaji, tun ranar da Dije ta zo na yafe maka. Na dai bar ka ne ka ɗan ji a jikinka."

Na ce na ji kuwa. Ta yi murmushi. Ta ce in riƙe Asabe kamar 'yar'uwa, in kuma daina shan shayi da suga da yawa. Ranar Talata bayan la'asar ta cika, kanta a cinyar Asabe, Yusufa yana yi mata kalmar shahada. Asabe da Goggo Dije suka yi mata wanka.

Na daɗe ban koma mota ba. Da na koma, wata rana ina tsaye a kasuwa ana sauke mini albasa, sai wani mutum ya taho da fara'a ya kama hannuna da hannu biyu. Dogo ne, da hausar Sakkwato a bakinsa. Ban san shi ba.

"Alhaji, ba ka gane ni ba. Ina masallaci ranar da ka yi magana. Nawa ya dace da nata, har sau biyu aka kira ni. Daga nan na tafi gida noma, jiya na dawo. Yaya jikin Hajiya?"

Na faɗa masa. Ya saki hannuna, ya yi salati, ya tsuguna a wurin tsakanin buhuna. Can ya ɗago, idonsa ya yi ja, ya ce,

"Ashe nawan bai yi amfani ba."

Na ce masa ya yi. Na ce da shi ta tashi ta koma ɗakinta, da shi ta ga jikarta ta ɗauke ta a hannu. Ya tambayi sunan yarinyar, na ce Salamatu. Ya maimaita sunan, ya yi mata addu'a, ya yi wa mai sunan. Sannan aka kira shi wurin awo ya tafi, ni kuma ban tambayi nasa sunan ba, har yau ban sake ganinsa ba.